Tashi daga Ankara zuwa Kumasi da iyali: nawa zai ci, kuma da me ake farawa?

Mai kula da zaure: Assalamu alaikum jama'a. Tambayar nan ta shigo har sau uku a wata guda, gara a baje ta a faifai kowa ya amfana. Magidanci ne da mata ɗaya da yara huɗu, suna ciki da falo a unguwar Nima da ke Ankara, babban birnin Ghana, aiki zai mayar da shi Kumasi, yana son zama wajen Asawase ko Aboabo. Kayan gida ne irin na kowa: gado biyu, katifa uku, kujerun falo, wadirob, firiji, talabijin, keken ɗinki, tukunyar gas, kayan girki da akwatunan uwargida. Wata biyu ya rage masa. Nawa zai tanada, da me zai fara? Masu sana'a su yi magana. Don Allah kada a tsaya a kan "Allah zai rufa asiri". Da wannan mun yi imani, lissafi muke nema.

Direban Kia, Aboabo: Wa alaikumus salam. Kayan da aka lissafa motar kaya Kia Rhino ɗaya ta ishe su in an iya lodi. Ƙaramar motar kayan nan da ake kira Abossey Okai macho ba za ta ɗauke su a sahu ɗaya ba, kuma ba motar doguwar hanya da nauyi ba ce. Daga Ankara zuwa Kumasi kilomita 250 ne ko kusa da haka, ta Nsawam, Suhum, Bunso, Anyinam, Nkawkaw, Konongo, Ejisu. Amma shata ta zuwa da dawowa ake biya, ko an faɗa ko ba a faɗa ba, domin motar ba tashi sama za ta yi ta koma gida ba. Kilomita 500 ke nan. Mota irin wannan da kaya tana shan wajen lita 18 a kowace kilomita 100, tsohuwa ta fi haka. Wajen lita 90 na man dizal ke nan. A ninka da farashin gidan mai na ranar, an sami ƙasan ciniki. A kan wannan ake ɗora rabon mai mota, da na direba da yaronsa, da abincinsu, da kwana in za su kwana. Wanda ya yi maka farashin da bai kai kuɗin mai ba, ko dai yana da kayan dawowa, ko zai haɗa kayanka da na wani, ko kuma a hanya zai fara sabon ciniki.

Dillalin ɗakuna, Asawase: Alhaji direba ya fara da abin da ya fi sani, amma mota ita ce ta ƙarshe. Kada wanda ya ba direba kafin alƙalami sai mabuɗin sabon ɗaki yana aljihunsa. Mabuɗi na ce, ba alkawari ba. Abin da ya fi kayar da mutane shi ne "mai ɗakin zai fita ƙarshen wata". Ƙarshen wata ya zo bai fita ba, ga Kia cike da kaya a bakin titi, direba yana ƙirga kwana, mata da yara sun rarrabu gidajen dangi.

Kuma kuɗin da ke karya baya adibas ne, wato kuɗin hayar da ake biya gaba, ba mota ba. Mu ɗauki misali don lissafi ya fito, a ce ciki da falo sidi 500 a wata. Mai gida ya ce shekara ɗaya, sidi 6,000 ke nan. La'adar dillali yawanci kashi goma cikin ɗari na abin da aka biya, 600. In ya ce shekara biyu, 12,000 da 1,200. Ban da kuɗin zagayen duba ɗakuna, wanda ake biya ko an samu ko ba a samu ba. Kowa ya cire 500 ɗin nan ya sa ainihin farashin unguwar da yake so, lissafin bai canja ba.

Malamin makaranta, Mamobi: Malam dillali, shekara biyun nan fa haramun ce a doka. Dokar haya ta 1963, Act 220, ta ce mai gida ba zai karɓi fiye da na wata shida gaba ɗaya ba, kuma akwai ofishin Rent Control, hukumar kula da sha'anin haya, a Ankara da Kumasi don irin wannan. Bai kamata mu riƙa koya wa mutane lissafi a kan abin da doka ta hana ba.

Dillalin ɗakuna, Asawase: Malam, doka gaskiyarka ce, ban musa ba. Sai dai mai neman ɗaki yana tsaye, bayansa akwai mutum biyar da kuɗin shekara biyu a hannu. Ya karanta wa mai gida Act 220, mai gida ya ce to Allah ya ba da sa'a a gaba. Rent Control tana da amfani bayan ka shiga: in an ƙara maka haya ba bisa ƙa'ida ba, in ana son fitar da kai ba sanarwa, in an hana ka ragowar kuɗinka. Kafin ka shiga, makaminka ciniki ne da fuskar wanda ya raka ka. A Zango, in liman ko dattijon unguwa ya kai mutum ya ce wannan namu ne, shekara biyu takan dawo ɗaya, wani lokaci ma a yarda a biya kashi biyu. Shi ya sa zuwa Kumasi sau ɗaya ko biyu kafin tashi dole ya shiga lissafi: kuɗin bas daga tashar Circle a Ankara zuwa tashar Asafo a Kumasi da dawowa, abin hawa a cikin gari, da goron gaisuwa.

Malamin makaranta, Mamobi: To aƙalla a rubuta. Takardar yarjejeniya mai sunan mai gida kamar yadda yake a katinsa na ɗan ƙasa, Ghana Card, ranar shiga, ranar ƙarewar adibas, nawa ne a wata, wa zai gyara rufi in ya yi yoyo, da shaidu biyu. Kuɗi kuma hannun mai gida zai shiga, ba hannun dillali ba, Malam ya yi mini afuwa. In gidan gado ne, kamar yadda gidajen Zango da yawa suke, a tabbatar wanda ke karɓa shi ne magada suka wakilta. Akwai ɗakin da ake ba mutum biyu haya, wa ya karɓi na wannan, ƙane ya karɓi na wancan.

Dillalin ɗakuna, Asawase: Babu afuwa a kan gaskiya. Dillalin da ya ce a turo masa adibas ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, shi zai kai wa mai gida, a guje shi.

Akanta, Madina: Akwai kuɗin da duk kuka tsallake, wato wanda ke kwance a tsohon ɗaki. In adibas ɗin Nima saura wata bakwai, wannan kuɗinsa ne, amma kada ya sa shi cikin abin da zai kashe. Amsar da masu gida suka fi bayarwa ita ce sai sabon ɗan haya ya shigo ya biya sannan a mayar maka. Zai iya zama mako biyu, zai iya zama wata huɗu. Mafita biyu ce. Ko dai ya gaya wa mai gida tun yau, a rubuce, wata biyu kafin tashi, don a fara neman wani. Ko kuma shi da kansa ya kawo wanda zai gaje shi, da yardar mai gida, a zauna su uku a yi lissafi a rana ɗaya. Kada ya sa wani a ɗakin a ɓoye ya karɓi kuɗi, wannan rigima ce da za ta bi shi har Kumasi.

Tsarin da nake ba da shawara, a raba kuɗin gida huɗu, kuma kada gida ɗaya ya ranci na wani. Na farko ɗaki: adibas, la'ada, fenti, canja kwaɗo, ragar sauro a taga, gyaran famfo ko soket. Na biyu hanya: shata, 'yan dako na can da na nan, kwali da igiya da leda, kuɗin bas na iyali. Na uku zama: cefanen wata ɗaya cur, cika gas, sayen wuta, yunifom da littattafan yara. Na huɗu kashi 15 cikin ɗari na jimillar ukun, a ajiye a manta da shi. Gida na uku mutane ke rainawa. A tsohuwar unguwa mai shago ya san ka, mai koko ta san yaranka, ana ɗaga maka ƙafa zuwa ƙarshen wata. A sabon wuri komai kuɗi hannu, har gishiri.

Ɗan albasa, Adjen Kotoku: Ni ina ganin kuɗin shatar nan ana iya sare rabinsa. Tun da aka mayar da kasuwar albasa daga Agbogbloshie zuwa nan a 2021, manyan motoci suna sauke kaya su juya arewa wayam, kuma dole ta Kumasi za su bi. Ga mu a kan hanyar Nsawam ma, an riga an fita daga cunkoson gari. Direban da zai koma ba kaya, duk abin da ka ba shi riba ce. Haka motocin doya, haka na shanu a Tulaku.

Hajiya mai atamfa, Nima: Ɗana, motar shanu kuma? Katifar da mutum zai kwana a kai? Ko ta albasar ma, atamfa da leshi in suka sha warin nan, wanki uku ba ya fitar da shi. Araha ba ta ado.

Direban Kia, Aboabo: Hajiya ta faɗi ɗaya, ga sauran. Babbar mota ba ta shiga Nima, ba ta shiga Aboabo. Sai ka ɗauki ƙaramar mota daga Nima zuwa Adjen Kotoku, a sauke, a sake lodi. A Kumasi ya ajiye ka bakin babban titi, ka sake neman aboboyaa, babur ɗin kaya mai ƙafa uku, sahu huɗu ko biyar. Lodi uku, saukewa uku, kowanne da kuɗin dako, kuma a wajen ɗagawa da ajiyewa kaya ke karyewa, ba a cikin tafiya ba. Na biyu, ba shi da ranar tashi. Sai ya gama karɓar kuɗinsa a kasuwa, yau ne, gobe ne. Na uku, shi Kumasi wucewa yake yi. In ya iso ƙarfe biyun dare, a lokacin zai sauke. Wannan hanya ta dace da mai buhuna goma da akwati biyu, ko mai kai injin niƙa. Gida guda da madubi da firiji, a'a.

Ɗan albasa, Adjen Kotoku: Na yarda da maganar babbar mota. Amma dabarar tana nan: Kia ta Kumasi da ta kawo kaya Ankara za ta koma. A tambaya a tashoshin motocin kaya, ta hannun shugabannin tasha, ba ta hannun yaron da aka tsinta a bakin hanya ba. In mutum zai iya sassauta ranarsa da kwana biyu ko uku, zai samu ƙasa da shata.

Direban Kia, Aboabo: Wannan kam daidai ne, kuma ta tasha ɗin shi ne muhimmi. Motar da ke da tasha tana da inda za a kai ƙara. A duba abu huɗu kafin a ɗora ko tsintsiya: lamba ruwan ɗorawa ta motar haya, takardar lafiyar mota ta hukumar lasisin motoci, DVLA, da ba ta ƙare ba, inshora mai rai, da lasisin direba. A ɗauki hotonsu a tura wa wani ɗan'uwa. A kuma sani inshorar da doka ta wajabta wa mota ba ta biyan kayan da ke bayanta. In mota ta faɗi, wadirob ɗinka ba ya cikin lissafinsu. Akwai inshorar kaya a hanya daban, ga mai kayan da suka kai a yi musu.

Jinga kuma a gama ta da baki ɗaya: daga ƙofa zuwa ƙofa, mai a ciki, abin da za a kashe a shingayen hanya a ciki, tamfol da igiya na mota. Kashi ɗaya cikin uku a wajen lodi don ya sha mai, saura bayan an sauke an ƙirga. Kada a biya duka a Ankara, kada kuma a hana shi na mai a ce sai an isa.

Akanta, Madina: Ƙarin bayani kan biya. An soke E-levy, harajin tura kuɗi ta waya, tun Afrilun 2025, amma kuɗin cirewa a wajen wakilin MoMo yana nan, kuma kowane asusu yana da iyakar abin da zai tura a rana. Adibas na dubbai a duba iyakar tun kafin ranar, ko a bi ta banki. Kada a tsaya gaban mai gida ana cewa waya ta ƙi.

Kafinta, Sawaba: Tambayar da ba a yi ba: dole ne a ɗauko komai? Kumasi garin katako ne. Masu aikin katako da suke unguwar Anloga a da an mayar da su Sokoban, ga kafintoci a kowace unguwa. Wadirob ɗin da aka yi da garin katakon nan da ake matsewa, mai fuska sumul, ba ya jure kwancewa da ɗaurawa. Ramin kusoshinsa yana faɗaɗa, in ya sha ruwa kuma ya kumbura ya zama tuwo. Irin wannan a sayar a Nima a huta. Haka kujerun falo da soso ya mutu, su suka fi cin wuri a mota, kuma su suka fi rashin daraja. Abin da ya cancanci hanya shi ne gadon katako na gaske, odum ko mahogani, keken ɗinki, firiji mai lafiya. In aka rage wadirob da kujeru, wataƙila ƙaramar mota ta isa, kuɗin shata ya sauko.

A gwada da awo, kada a yi da ido. Tsawo da faɗi da tsayin bayan mota a ƙafa, sannan manyan kaya ɗaya bayan ɗaya. A auna ƙofar sabon ɗaki da lungun da za a bi. Akwai lungun da kujera mai zaman mutum uku ba ta juyawa a cikinsa. Gado in an kwance, kusoshinsa a leda, a ɗaure ledar a jikin ƙafar gadon, a sa lamba da alli a kan kowane katako. Wani abu kuma, kada a ce ga sauran wuri bari a ɗora sabbin falanki don gini ko gyara. Kayan ɗaki da aka yi amfani da su daban, ɗanyen katako daban. Ma'aikatan gandun daji suna tambayar takardarsa a hanya, sai a tsayar da gida guda saboda falanki shida.

Hajiya mai atamfa, Nima: Malam kafinta, ka yi maganar maza. Kayan ɗakin mace ba da kuɗin kasuwa ake auna su ba. Gado da kabad da kwanukan da iyayenta suka yi mata, ba mijin ne zai yanke hukuncin sayar da su ba, nata ne. A tambaye ta, abin da ta ce a bari a bari. In ba haka ba an tsira da kuɗin mota an sayi fitinar shekara.

Shirin kaya kuwa ba a fafe gora ranar tafiya. Mako uku kafin nan a fara da abin da ba a taɓawa kullum. Kwali a nema wajen masu shago, na sabulu da na madara sun fi ƙarfi, gida irin wannan zai ci talatin zuwa arba'in. Ƙanana don littattafai da tangaran, manya don abu marar nauyi. Mutane suna juya abin, su cika babban kwali da littattafai, a ɗaga gindi ya zube. Faranti a tsaye ake jera su kamar kaset, ba a kwance ba, tsohon zane a tsakani. Tukwane a sa ƙarama cikin babba. Tufafi a jakar nan mai layi-layi da Asantawa ke kira efiewura soa me, wai mai gida taya ni ɗauka, sunan ma don ranar tashi aka raɗa shi. A fara sa babbar leda a ciki kafin tufafin, don jakar ba ta hana ruwa. Manja da man gyaɗa a jarka mai murfin ciki, a ɗaure bakin da leda, su zauna can ƙasa nesa da katifa. Kowane kwali a rubuta lamba a gefensa, ba a samansa ba, a rubuta lambar da abin da ke ciki a littafi.

Abin da ba ya hawa bayan mota ko kusa: zinari, kuɗi, Ghana Card, katin inshorar lafiya na NHIS, takardun haihuwa, katin awon yara, takardun makaranta, magungunan da ake sha kullum. Waɗannan a jikin uwargida. Sai jaka ɗaya ta daren farko: buta, darduma, gidan sauro, tocila, bokiti, sabulu, kofuna, tukunya ɗaya, kayan sawa na kwana biyu. Ita ce ƙarshen shiga mota, farkon fita.

Adashi kuma a warware shi kafin a tafi. Wadda ta riga ta kwasa ta tashi gari, ko tana da niyyar turowa, zuciyar sauran ba za ta kwanta ba. A zauna da uwar adashi a tsara yadda zubi zai riƙa zuwa, a gaban shaida.

Mai gyaran firiji, Sabon Zango: Firiji a kashe shi kwana ɗaya kafin lodi, a bar ƙofa a buɗe ƙanƙara ta narke, a goge, a fitar da gilasan ciki a naɗe su daban, a ɗaure ƙofar da igiya ko tsumma. A tsaye zai yi tafiya. Dalili, akwai mai a cikin kwamfuresa, in an kwantar da shi man yana gangarawa cikin bututun gas. A kunna a haka, kwamfuresa ta yi aiki ba mai, ko bututu ya toshe, sanyi ya ɗauke. In an isa a bar shi a tsaye awa huɗu zuwa shida kafin a sa masa wuta. In dole ta sa an kwantar da shi, kwana guda cur. Talabijin mai faɗin nan shi ma a tsaye, tsakanin katifa biyu. In ya kwanta, ramin hanya ɗaya ya isa ya tsaga gilashin daga tsakiya. Mai na'urar sanyaya ɗaki ya kira mai gyara ya tara gas ɗin a cikin injin waje kafin a kwance bututu, in ba haka ba gas ya tsere, a Kumasi a sayi sabo. Tukunyar gas a ƙarar da ita in zai yiwu, a cire regileta, ta tsaya a tsaye a ɗaure, a bayan mota inda iska ke shiga, ba gaba wajen direba ba. Janareta da babur a zuƙe musu fetur.

Wuta kuma, Ankara da Kumasi duk kamfanin ECG ke ba su, amma mita ta gida ce, ba a tafiya da ita, kuma kuɗin da ke cikinta ba ya bin ka. A makon ƙarshe a riƙa saye kaɗan-kaɗan. A sabon ɗaki a tambaya tun kafin a biya adibas: mitar ɗakin ce ita kaɗai, ko ta gida duka? In ta haɗaka ce, yaya ake rabo? Gidaje da yawa da ƙirgen kaya suke yi, ƙwan fitila kaza, fanka kaza, firiji kaza, dutsen guga kaza. Mai firiji da keken ɗinki na lantarki ya san matsayinsa tun wuri. In mitar kati ce, a sayi wuta kaɗan a gani ko duka ta shiga. In an zaftare wani abu, akwai tsohon bashi a kanta, a kai wa mai gida maganar kafin a shiga.

Dillalin ɗakuna, Asawase: A haɗa da ruwa da bayi. Famfo na zuwa kwana nawa a mako, akwai rijiya ko tanki, ko da jarkar nan da ake kira galan ɗin Kufuor ake saye? Gida mai mutum shida in sayen ruwa yake yi, kuma bayin kuɗi yake zuwa, a ƙirga na wata a ɗora a kan haya, sannan a kwatanta da ɗakin da ke da nasa a ciki. Sau da yawa mai tsadar ne mai araha. Wanda zai kama ɗaki kusa da rafin Aboabo kuma ya dubi gindin bango. In akwai layin da ruwa ya bari, ko an ɗaga dokin ƙofa da bulo biyu, gidan ya ba da amsa da kansa. Maƙwabta za a tambaya, ba mai gida ba.

Malamin makaranta, Mamobi: Maganar yara tana iya canja ranar tashin gaba ɗaya. A karɓi takardar canjin makaranta daga shugaban makarantar da suke, da katin sakamakonsu na baya, kuma a je sabuwar a tabbatar akwai gurbi kafin a cire su. Mafi sauƙi a tashi a hutun ƙarshen zango. In akwai ɗan aji uku na ƙaramar sakandare, JHS 3, da aka riga aka yi wa rajistar jarrabawar fita ta BECE, ta makarantarsa aka yi, a can zai rubuta. Irin wannan yaro a bar shi wajen dangi a Nima har ya gama, a sa kuɗin cinsa a lissafi. Katin NHIS yana aiki ko'ina a ƙasa, sai dai a duba bai mutu ba, ana sabunta shi ta *929#. In uwargida za ta kafa teburin sana'a ko shagon ɗinki, izinin da ta biya a majalisar Ayawaso East, inda Nima take, ba ya aiki a can, Asawase da Aboabo ƙarƙashin majalisar Asokore Mampong suke.

Ɗan albasa, Adjen Kotoku: Saura lokacin tashi. Ni dare nake gani. Hanya fayau, ba zafi, kafin gari ya waye an shiga Kumasi.

Direban Kia, Aboabo: Dare na masu albasa ne, ɗan'uwa. Hanyar nan wurare da yawa layi ɗaya ne zuwa ɗaya dawowa, manyan bas suna wuce juna, ga motocin da suka lalace a kan kwalta ba fitila, sai ganye da aka zuba a baya. In taya ta fashe tsakanin Anyinam da Nkawkaw ƙarfe ɗayan dare, kai da kayan gidanka ne a daji. A yi lodi da yamma, mota ta kwana inda akwai mai gadi, da an sallame Asuba a ɗau hanya. Kia da kaya a ba ta awa bakwai zuwa takwas. A wuce Pokuase da Nsawam da sanyin safiya, a shiga Ejisu kafin cunkoson yamma na Oduom da Tech, a karya a Anloga Junction a nufi Aboabo da sauran rana, 'yan dako suna nan, ana ganin abin da ake saukewa.

Ranaku kuma: ban da Laraba a Nima, ranar kasuwa ce, mota ba za ta sami wurin tsayawa ba. Ban da Juma'a, ga masallaci ga masu tafiya jana'izar Asabar sun cika hanya. Ban da makon Ista, duk ƙasar tana hawa duwatsun Kwahu wajen biki ta Nkawkaw. Talata ko Alhamis. Watan Yuni ruwa ya fi ƙarfi, Agusta yakan ɗan tsagaita kuma ya zo daidai da hutun yara.

Lodi, nauyi gaba, jikin kan mota: firiji, keke, akwatunan ƙarfe. Katifu a gefe su zama matashi. Marar nauyi sama da baya. Kada a yi tsayi da yawa, wayoyin wuta a Zango ƙasa-ƙasa suke. Tamfol biyu in za a haɗa, na gaba ya hau kan na baya, in aka juya iska ta shiga ƙarƙashi ta ɗaga shi, ruwa ya bi. A tsaya a Nsawam a sake jan igiya, domin kaya suna zama bayan tafiyar farko. Namiji ɗaya ya zauna gaba da direba da littafin lambobin kwali. Mata da yara bas za su hau, ba wanda zai hau saman kaya.

Hajiya mai atamfa, Nima: Kuma su taso bayan motar kaya da awa biyu ko uku, kada su riga ta su zauna a ɗaki wayam da yara suna kuka. Wani ya riga kowa isa da kwana ɗaya ya share, ya yi feshin maganin ƙwari tun ɗakin ba kaya, ya canja kwaɗo.

Mai kula da zaure: 'Yan dako fa? Ba wanda ya faɗi yadda ake jinga da su.

Direban Kia, Aboabo: Da aiki ake yi, ba da awa ba, kuma sai sun ga kayan da nisan lungu da idonsu kafin a faɗi kuɗi. Mutum huɗu sun isa gida irin wannan. Na Nima daban, na Kumasi daban, kada a ɗauko na can a biya musu kuɗin komawa. In daga ƙofa zuwa inda mota ta tsaya ya yi nisa, maza su ɗauki manya, kayayo, wato mata 'yan dako, su kwashi kwalaye da jakunkuna. Mutum ɗaya a ƙofar ɗaki, ɗaya a gindin mota yana soke lamba, don tsakanin ƙofa da titi ne ƙaramin kwali ke yin ƙafa. A Kumasi a sa wanda ya raka ka wajen mai gida ya yi maka cinikin tun jiya. In suka ga mota ta riga ta tsaya, direba yana duba agogo, farashin wani ne.

Akanta, Madina: A ajiye musu canji, takardun sidi 5, 10 da 20. Ranar sauke kaya ba mai canjin 200.